Yadda Ake Shirya Rumfar Ƙaramin Jirgin Sama Domin Lokacin Sanyi

Gabatarwa

Jirgin sama, kome ƙanƙantarsa, yana bukatar wurin kwana kamar yadda mota take bukatar gareji. Wannan wuri shi ne rumfar jirgi, watau wani gini mai faffaɗar ƙofa inda ake tura jirgi idan ya sauka, a ajiye shi ko kuwa a duba lafiyarsa. Galibi da ƙarfe da kwanon rufi ake gina ta. Ƙaramin jirgi irin Cessna 172, mai ɗaukar mutum huɗu, wanda aka fara sayarwa a 1956, faɗin fukafukansa mita 11 ne. Saboda haka rumfarsa takan kai mita 12 a faɗi, ƙofarta kuma kusan faɗin ginin duka.

A ƙasashen da ke can arewacin duniya, shirya wannan rumfa kafin sanyi ya kama babban aiki ne. A Jihar Alaska ta Amurka, alal misali, yawancin garuruwa ba su da hanyar mota da ta haɗa su da sauran ƙasa. Ƙananan jirage ne ke kai musu wasiƙu da abinci da magani, su ne kuma ke ɗauko marasa lafiya zuwa asibiti. Haka abin yake a arewacin Kanada, inda a wani ƙaramin filin jirgi da ake kira Snag, ran 3 ga Fabrairu 1947, ma'aunin zafi ya sauka har digiri 63 ƙasa da sifiri.

Manufar wannan bayani ita ce a nuna wa mai karatu yadda ake wannan shiri da dalilin kowane mataki. Abubuwa uku ne ginshiƙin aikin: a tare zafi kada ya gudu, a kori laima, a kuma ɗumama wurin ba tare da jawo gobara ba. Lalle ne ukun nan su tafi tare, gama wanda ya yi ɗaya ya bar biyu sau da yawa yakan ƙara wa kansa hatsari ne. Duk ma'aunin zafi da za a ambata a nan na Salshiyas ne, wanda a kansa ruwa ke daskarewa a sifiri, ya kuma tafasa a digiri 100.

Abin Da Sanyi Ke Yi Wa Jirgi

Da farko dai sanyi yana kama inji. Man inji yakan yi kauri kamar zuma, ya kasa gudana zuwa inda ƙarfe ke gogar ƙarfe. Idan aka tilasta wa inji tashi a wannan hali, sai sassansa su ci juna kafin mai ya iso gare su. Domin haka ne kamfanin Lycoming, mai ƙera injunan ƙananan jirage, ya ce a ɗumama inji kafin a tayar da shi idan sanyi ya kai digiri 12 ƙasa da sifiri. Kamfanin Continental kuwa ya sa iyakarsa a wajen digiri 7 ƙasa da sifiri. Batir ma ƙarfinsa yana raguwa cikin sanyi, kuma batirin da cajinsa ya ƙare yana iya daskarewa har ya tsage.

Abu na biyu, wanda ya fi muni, shi ne ƙanƙara a kan fukafuki. Fiffiken jirgi yana ɗaga shi ne saboda yadda iska ke bi ta kansa sumul. Hukumar kula da jiragen sama ta Amurka ta bayyana cewa ƙanƙarar da kaurinta da kaushinta ba su wuce na takardar goge katako ba tana iya rage ƙarfin ɗagawa da kashi 30 cikin 100, ta kuma ƙara turjiyar iska da kashi 40 cikin 100. Manyan jirage ma ba su tsira ba. Ran 13 ga Janairu 1982 wani jirgin Boeing 737 na kamfanin Air Florida ya tashi daga birnin Washinton cikin dusar ƙanƙara, ya kasa yin sama, ya bugi gada ya faɗa kogin Potomac, mutum 78 suka rasu. Ran 10 ga Maris 1989 kuma wani jirgi ya faɗi jim kaɗan da tashinsa daga garin Dryden na Kanada da ƙanƙara a fukafukansa, mutum 24 suka rasa rayukansu. Dokar ƙasashen biyu ta hana matuƙi tashi muddin akwai ƙanƙara manne a fiffike. A ƙananan filaye, inda babu motar fesa ruwan narkar da ƙanƙara, rumfa mai ɗumi ita ce babbar madogara.

Na uku shi ne ruwa cikin tankin mai. Tankin da ba a cika ba akwai iska a cikinsa, iskar kuma tana ɗauke da laima. Idan dare ya yi sanyi sai laimar ta zama ɗigon ruwa a jikin tanki, ta gangara ƙarƙashin man, domin ruwa ya fi mai nauyi. Ruwan nan yana iya kashe inji a sararin sama, ko ya daskare ya toshe bututun mai.

Yadda Ake Tare Zafi

Zafi kullum daga wuri mai ɗumi yake gudu zuwa wuri mai sanyi, kuma hanyoyinsa uku ne. Yana ratsa jikin abu, kamar yadda cokalin ƙarfe ke ɗaukar zafi idan aka bar shi cikin miya. Yana bin iska mai motsi. Yana kuma tafiya kamar haske, yadda mai jin ɗumi ke jin wuta a fuskarsa alhali bai taɓa ta ba.

Ƙarfe yana miƙa zafi da sauri ƙwarai, iskar da ke tsaye cik kuwa da ƙyar take miƙa shi. Wannan shi ne sirrin bargo da rigar ulu, shi ne kuma dalilin da ya sa ɗakin jinka ya fi ɗakin kwano daɗin zama. Saboda haka abin da ake yi wa rumfar jirgi shi ne a yi mata shafi daga ciki, kamar yadda maɗinki ke yi wa babbar riga, da wani abu mai riƙe iska a cikin ƙananan ƙofofinsa. Irin waɗannan abubuwa guda huɗu ne suka fi yaɗuwa.

Akwai audugar gilashi, wadda ake yi da zaren gilashi siriri, a naɗe ta kamar katifa. Ita ta fi araha, kuma ƙarfe ya fi ta saurin miƙa zafi sau fiye da 1,000. Aibinta shi ne idan ta jiƙe, ko aka danne ta, amfaninta ya ragu ƙwarai. Mai sa ta kuma sai ya rufe hanci da ido da hannu, domin tana sa ƙaiƙayi. Akwai audugar dutse, wadda ta fi ta jure wuta. Akwai allunan soso masu tauri, waɗanda suka dace da ƙofa saboda rashin nauyinsu. Sa'an nan akwai kumfar feshi, wadda ake fesa wa kwano ta kumbura ta bushe, ta toshe kowace kafa. Sai dai soso da kumfa suna cin wuta, hayaƙinsu kuma guba ne. Domin haka dokokin gini na ƙasashe da yawa suka wajabta a rufe su da allo mai jure wuta. Haka nan ba a fesa kumfa alhali jirgi yana ciki, gama ɓurɓushinta yana manne wa fenti da gilashi.

Daga rufi ake farawa, domin iska mai ɗumi sama take tashi, rufi ne kuma ya fi ko'ina faɗi. Ya kamata a lura da ƙarafan da ke ɗauke da kwano. Duk inda ƙarfe ya ratsa daga ciki zuwa waje ba tare da shamaki ba, zafi zai bi ta nan ya fice kamar ruwa ta ɓular randa. Magani shi ne a sa ɗan allon soso tsakanin ƙarfen da kwanon.

Laima, Abokiyar Gabar Da Ba A Gani

A nan ne mutane da yawa ke kuskure. Iska mai ɗumi ta fi mai sanyi iya ɗaukar ruwa. Iskar da ta cika akwati mai mita ɗaya ta kowace fuska tana iya riƙe giram 17 na ruwa a digiri 20, amma a sifiri ba ta iya riƙe fiye da giram 5. Idan iska mai ɗumi ta taɓa kwano mai sanyi, sai ta sauke rarar ruwan a jikinsa, kamar yadda kwalbar da aka ciro daga firiji take yin gumi. A rumfar da ba a gyara ba, wannan gumi yakan daskare da dare, rana na fitowa ya narke ya yi ta ɗiga a kan jirgi. Ɗigon nan yana shiga mahaɗar fukafuki da wayoyin lantarki da cikin inji, ya jawo tsatsa da cin alminiyam a wuraren da ido ba ya kaiwa.

Idan aka sa audugar gilashi haka kawai, laima za ta ratsa ta, ta isa kwano, ta zama ruwa a ɓoye. Audugar ta jiƙe, kwanon kuma ya yi ta tsatsa ba wanda ya sani. Saboda haka wajibi ne a shimfiɗa leda mai kauri, ko takardar alminiyam, a kan audugar ta fuskar da ke kallon cikin rumfa, watau ɓangare mai ɗumi, a kuma liƙe duk inda aka haɗa ta. Ko ɓula ɗaya aka gani, a liƙe ta nan da nan.

Har ila yau, rumfar da aka toshe tsam tana bukatar hanyar numfashi. Dusar ƙanƙarar da ta shigo a jikin jirgi da tayoyinsa takan narke ta zama laima, ga kuma tururin mai da ke fita daga tanki. Sai a yi tagogin iska, wasu kusa da ƙasa wasu kusa da rufi, ko a sa fanka mai zuƙe iska waje, irin wadda aka ƙera musamman don wurin da ke da tururin mai. Yana da kyau kuma a rataya ma'aunin laima a bango. Idan ya daɗe yana nuna fiye da kashi 60 cikin 100, to, ƙarfe na cikin hatsarin tsatsa.

Ƙofa Da Daɓe

Ƙofar da ke da mita 12 a faɗi da mita 4 a tsayi bango ce guda. Idan aka bar kafa ta santimita ɗaya tak a ƙarƙashinta daga wannan gefe zuwa wancan, daidai yake da an bar taga mai santimita 35 ta kowane gefe a buɗe dare da rana. Saboda haka a duba robar da ke ƙasan ƙofa da gefunanta kowace shekara, a sauya wadda ta bushe ko ta tsage. Hanya mai sauƙi ta gano kafa ita ce mutum ya shiga da rana, ya rufe ƙofa, ya kashe fitila: duk inda haske ya shigo, ta nan sanyi ke shigowa. Kafin a yi wa ƙofa shafi kuma sai a tambayi maƙerinta nauyin da za ta iya ɗauka, domin ƙarin nauyi yana iya tsinke igiyar ƙarfen da ke ɗaga ta.

Idan ƙofar mai gungurawa ce a kan dogo, a riƙa share dogon, gama ruwan da ya kwanta a ciki zai daskare ya kulle jirgi a ɗaki ran da ake bukatarsa da gaggawa. Kada a zuba gishiri don narkar da ƙanƙara a bakin rumfa, domin gishiri yana cin alminiyam. Bututun ruwa da ke jikin bango kuwa a naɗe su, ko a tsiyaye ruwansu kafin sanyi, saboda ruwa idan ya daskare yana ƙara girma da kamar kashi 9 cikin 100, ya fasa ko da bututun ƙarfe ne.

Toshe kafofi yana da wata fa'ida. Da sanyi ɓeraye da tsuntsaye kan nemi mafaka, su shiga cikin fiffike ko murfin inji su yi sheƙa. Ɓera yana gaigayar waya, fitsarinsa yana cin ƙarfe, sheƙar tsuntsu kuwa tana iya kama wuta idan inji ya yi zafi.

Ɗumama Rumfa Ba Tare Da Gobara Ba

Ba a neman rumfa ta yi ɗumin ɗakin kwana. Digiri 5 zuwa 10 sun isa su hana daskarewa, su kuma bar makaniki ya yi aiki da yatsunsa. Abin lura shi ne irin na'urar da za a sa.

Man ƙananan jirage wani irin fetur ne mai launin shuɗi, kuma yana fitar da tururi mai kama wuta ko da sanyi ya kai digiri 40 ƙasa da sifiri. Tururin ya fi iska nauyi, saboda haka ƙasa yake kwanciya, ya bi daɓe yana malala ba a ganinsa. Domin wannan ne ƙa'idar aikin lantarki ta Amurka ta ɗauki daga daɓen rumfa zuwa tsayin santimita 45 a matsayin wuri mai hatsari, inda ba a yarda da soket ko makunni na yau da kullum ba. Ƙa'idar hana gobara ta ƙasar kuma ta ce na'urar ɗumama da aka rataya a sama ta nisanci saman fiffike da aƙalla mita 3.

Don haka kada a shigo da risho, ko murhun gawayi, ko wata na'ura mai buɗaɗɗen harshen wuta a ajiye a ƙasa. Ban da gobara, suna da illa biyu. Ta farko, suna fitar da wata iska mai guba, kabon monokside, wadda ba ta da launi ba ta da wari, tana kuma kashe mutum cikin rufaffen ɗaki. Ta biyu, ƙonewar mai tana haifar da ruwa: lita ɗaya ta kananzir idan ta ƙone takan saki kusan lita ɗaya ta ruwa cikin iska. Watau mai wannan dabara da hannunsa yake shigo da laimar da ake ƙoƙarin kora.

Abin da ya dace shi ne na'urar da ke jawo iskarta daga waje, ta kuma fitar da hayaƙinta waje ta bututu. Ga mai sabon gini, babu kamar bututun ruwan zafi da ake binnewa cikin daɓen siminti, domin daɓen yana riƙe ɗumi ko an buɗe ƙofa, yana kuma busar da ruwan da ya ɗiga. Wanda ba shi da halin ɗumama rumfa duka yana iya sa ƙaramar na'urar lantarki da aka ƙera don jikin inji, ya lulluɓe injin da bargonsa. Ko wacce aka zaɓa, a ajiye tukunyar kashe gobara a bakin ƙofa, kuma kada a zuba wa jirgi mai a cikin rumfa.

Nauyin Dusar Ƙanƙara

Rufin da ba shi da shafi yana narkar da dusar ƙanƙara da zafin da ke tserewa ta cikinsa. Da zarar an yi masa shafi sai dusar ta daɗe a kansa tana taruwa. Jiƙaƙƙiyar dusa mai kaurin santimita 30 tana iya kai nauyin kilo 90 a kan kowace murabba'in mita. A rufi mai mita 12 ta kowane gefe, wannan ya kusa tan 13. A watan Fabrairu 2010 rufin wasu rumfuna ya rubza a filin jirgin sama na Dulles kusa da Washinton saboda nauyin dusa, ya lalata jirage masu tsadar gaske. Saboda haka a nemi injiniya ya duba ƙarfin rufi kafin a fara aiki, a kuma share indararo tun ruwa bai daskare a ciki ba.

Shigar Da Jirgi Da Fitar Da Shi

Rumfa mai ɗumi ma tana da nata tarko. Idan aka shigo da jirgi da ƙanƙara a jikinsa, ruwan da ya narke yakan gangara cikin mahaɗun da ke motsa bindi da fukafuki. In aka fitar da shi kafin ya bushe, ruwan zai sake daskarewa ya riƙe su. Haka kuma idan aka fitar da jirgi mai ɗumi alhali dusa tana zuba, za ta narke a jikinsa sa'an nan ta daskare ta manne. Saboda haka a bari ya bushe sarai, kuma idan ana dusa a buɗe ƙofa jikinsa ya huce kafin a turo shi waje. A cika tanki bayan sauka domin iska ta rasa wurin zama, kuma kafin kowace tafiya matuƙi ya tsiyayi ɗan mai daga ƙasan tanki cikin kwalba ya duba ko da ruwa.

Darasi Ga Ƙasarmu

A Nijeriya ba a dusar ƙanƙara, amma tarihin jiragen sama a ƙasar ya daɗe. Tun watan Nuwamba 1925 jirage suka fara sauka a Kano, kuma tun 1964 aka kafa kwalejin koyon tuƙin jirgin sama a Zariya, inda ake horar da matuƙa da makanikai da ƙananan jirage. Masu wannan sana'a sukan je ƙasashen sanyi don ƙaro ilmi ko aiki, to, sanin abin da aka bayyana a sama wajibi ne a kansu.

Bugu da ƙari, shafin da ke hana zafi fita shi ne ke hana shi shigowa. Rumfar kwano a Sakkwato ko Maiduguri da bazara, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, takan zama tanda, zafin kuwa yana busar da roba, ya gajiyar da na'urorin lantarki da ma'aikata. Da hunturu kuma, daga Nuwamba zuwa Maris, ƙurar da iska ke kwasowa daga Hamada tana bin kafofin nan na ƙarƙashin ƙofa, ta shiga matacin iskar inji da ƙananan bututun da ke auna gudun jirgi. Zanzaro ma yakan yi gini a cikin bututun nan idan ba a sa musu murfi ba. A Legas da Fatakwal da Kalaba kuwa laima ce da gishirin teku ke cin ƙarfe. Abu ɗaya ne ya bambanta: a ginin da ake sanyaya cikinsa da na'ura a ƙasa mai zafi da laima, ɓangare mai ɗumi shi ne waje, don haka ta waje ledar tare laima take zama.

Kammalawa

Mai rumfa ya fara wannan shiri tun sanyi bai kama ba: ya duba rufi da indararo, ya liƙe leda, ya sauya robar ƙofa, ya gwada na'urar ɗumama da bututun hayaƙinta, ya tabbata tagogin iska a buɗe suke. Duk aikin da ya shafi lantarki ko ƙarfin gini a bar wa gwanayensa, a kuma nemi izinin hukumar filin jirgi kafin a taɓa kome. Kuɗin wannan aiki kaɗan ne idan aka gwada shi da kuɗin inji guda, balle ran matuƙi da na fasinjojinsa. Rigakafi dai ya fi magani.